Hajiya, ga abin da na sani game da Redmond

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa yaron ya shiga a sa'a. Kin ce ɗanki ya samu aikin kwamfuta a Redmond ta Amurka, yana so ya tafi da amaryarsa, kina tambayar wane irin gari ne, kuma ko ya dace su tafi tare tun yanzu. Na zauna a can na yi aiki kafin in dawo Kano, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Da farko, jihar Washinton da garin yake ciki ba ita ce Washinton ta fadar shugaban ƙasa ba. Wannan tana can ƙuryar arewa maso yamma, ta yi iyaka da Kanada. Redmond na gabas da birnin Seattle, tsakaninsu kamar kilomita 25, ana ƙetare wani tafki ta kan gada kafin a isa. Da aka yi ƙidayar 2020, mutanen garin dubu 73 ne da 'yan kai. A da garin masu saran katako ne da manoma. Kamfanin Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, shi ne ya kai hedikwatarsa can a 1986, daga nan garin ya zama abin da ya zama. Reshen Nintendo na Amurka yana can, haka ma masana'antar da ke ƙera taurarin ɗan'adam na Starlink, wannan intanet ɗin da wasu suka kafa faifansa a saman gidajensu a nan Kano.

In kin ji an ce garin kamfanoni, kada ranki ya tafi Sharada ko Bompai. Babu hayaƙi, babu tireloli, babu ƙarar inji. Ofisoshi ne a cikin dogayen itatuwa, sai unguwanni shiru, sai hanyoyin kekuna. Wuta da ruwa ba kasafai suke yankewa ba, makarantun gwamnati na da kyau, tsaro kuma alhamdulillahi. Ta fuskar addini ma ki kwantar da hankalinki. Akwai babban masallaci a cikin garin, ana ce masa MAPS, ana Juma'a, ana tarawihi, akwai islamiyyar yara. Indiyawa da 'yan Pakistan sun yi yawa a wajen, don haka naman halal, shinkafa, kuɓewa da kayan ƙamshi ba sa wuya. Kuka, daddawa da yaji ne za a haɗa musu daga gida, su kuma nuna wa jami'an kwastan in sun sauka. Kilishi da dambun nama kam kada a saka, ba a barin nama ya shiga.

Albashin da ya faɗa miki, na tabbata da kika juya shi zuwa naira sai da kika yi salati. Jihar ba ta cire nata harajin daga albashi, amma gwamnatin tarayya tana cirewa, kuma kusan duk abin da ka saya a kanti, ban da kayan abinci, akwai harajin kusan kashi 10 cikin 100. Hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya kan haura dala 2,000 a wata, sayen gida kuwa maganar dala miliyan ce. Ina roƙonki ki tsaya masa a wajen dangi, kada a ɗora masa hidimar kowa tun bai gama sayen katifa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar. Shi da safe zai fita, yana da abokan aiki, yana da abin da zai ɗauke masa hankali. Ita fa? Idan bizarsa H-1B ce, wato bizar ƙwararrun ma'aikata, ita H-4 za a ba ta, bizar iyalin ma'aikaci, wadda da farko ba ta ba ta damar yin aiki. Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, maƙwabta na shigowa, yau suna gobe biki, ita ce za ta wuni a ɗaki ba mai yi mata sallama. Maƙwabcinka a can zai yi maka murmushi a bakin mota, amma ba zai taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Ga yanayin garin: daga wajen Oktoba har bazararsu yayyafi ne da gajimare, a Disamba kuwa ana kiran magariba tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. A Yuni sai abin ya juye, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma wajen uku. Tazarar lokaci da Kano awa 8 ce ko 9, wato lokacin da kaɗaici zai fi cinta da yamma, ku kun daɗe da yin barci. Na ga matan da suka rame a haka, mazajensu ba su ma lura ba sai da abin ya yi nisa. Wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka ban ga alheri a raba su ba. Aure sabo, mijin yana wata duniya, ita tana nan tana jiran biza, wannan ma wata fitinar ce. Su tafi tare, amma da shiri. Ta koyi tuƙi tun a nan. Akwai bas, kuma tun 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara zuwa Redmond, sai dai garin an tsara shi ne don mai mota. Su nemi gida kusa da masallacin ko da ya ɗan fi tsada, domin a nan za ta samu mata 'yan'uwa, Somaliyawa, Larabawa, 'yan Gambiya da sauransu. In tana da sha'awar karatu, a tsayar da maganar tun kafin a tashi.

Sai ki zaunar da shi a kan maganar ajiya. Aikin da zaman ƙasar a ɗaure suke da igiya ɗaya. A Janairun 2023 Microsoft kaɗai ya sanar da sallamar ma'aikata 10,000, wasu kamfanonin ma suka yi nasu. Mai H-1B in aka sallame shi, kwana 60 doka ta ba shi ya samu wani aikin ko ya sauya takarda, in ba haka ba ya tattara. Na san wani bawan Allah da ya kwashe yaransa daga makaranta a tsakiyar zango saboda haka. Ya riƙa ware kuɗin da zai riƙe su wata shida da kuɗin jirgin dawowa kafin ya fara maganar fili a Kano. Ya kuma tambayi kamfanin a rubuce: inshorar lafiyar ta haɗa da matarsa da haihuwa? Yaushe za su fara nema masa takardar zama ta dindindin? Dokokin bizar suna yawan sauyawa a 'yan shekarun nan, lauyan kamfanin ne zai tabbatar masa da wanda ake kai kafin ya ajiye aikinsa na nan.

In ya ga dama ya yi mini magana ta akwatin saƙo, sai in nuna masa unguwannin da za su fi musu sauƙin zuwa masallaci. Allah ya kai su lafiya, Hajiya.