Mace za ta iya tsayawa takarar kansila?

Tambaya: Hajiya, ni malamar firamare ce a Daura, matan unguwarmu suna so in tsaya takarar kansila. Doka ta yarda?

Amsa: 'Yar'uwa, doka ba ta hana mace ba, amma babu takara sai a ƙarƙashin jam'iyya, don haka ki fara da yankar katin jam'iyya a mazaɓarki, ki kuma ajiye aikin gwamnati kafin zaɓe. Tun da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kujerar ta ƙara nauyi, domin a majalisar ƙaramar hukuma ake tattauna rijiyar burtsatse da asibitin haihuwa. A ganina, ki shawarci maigida da mai unguwa tun yanzu.