Amsa ga ɗana kan zancen ɗakin kwana

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, caji ne ya ƙare mini. Ka ce kun yi gardama da abokinka ɗan Katsina, kai kana cewa dortuwar shi yana cewa hostel, kuma kana son sanin mi Bahaushe ke kiran ɗakin da mutane da yawa ke kwana tun kahin zuwan lekol, wato makarantar boko. To ku duka biyu aro kuka yi, babu mai gori.

Dortuwar Faransanci ne, daga dormir wato barci, tushenta Latin, kuma can asali ɗakin kwanan masu zaman ibada na Kirista ne, dogon ɗaki gadaje a jere, daga baya makarantu suka ɗauka. Dormitory ta Ingilishi uwarsu ɗaya. Hostel kuwa ba ruwanta da barci, kalmar baƙo ce tushenta, ita da otel da asibiti duk dangi ne, wajen saukar baƙo ke nan. Bariki ma da kake ji ta Ingilishi ce, gidan kwanan soja, amma dubi inda muka kai ta, yau in aka ce ma mutum ɗan bariki ai ba yabo ba ne.

Mu dai namu zaure ne. Kuma ka lura ba a sa mishi suna don kwana ba, aikinshi na rana daban, nan maigida ke zama, nan ake sallama, nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, sai dare ya yi ya koma na samari da baƙi. Yaro in ya fara tasawa, an yi mishi kaciya ya fara sanin kunya, ba ya ƙara kwana ɗakin uwarshi, sai a ce ɗauki tabarmarka ka tahi zaure. Ba kora ba ce, girma ne aka ba ka, kuma ga tsaron ƙofa. Ɗiya mace ita tana ciki wajen uwa ko kaka har ranar da za a kai ta ɗakinta. Maigida na da turaka, kowace mata da nata ɗaki, shi ya sa ba mu da wata kalma guda mai nufin ɗakin barcin taro, in an matsa sai mu ce ɗakin samari ko makwanci.

Ni a unguwar Bagalam na yi nawa kwanan zaure, mu bakwai ko takwas har da almajiran makwabta, fitilar kwai guda, in hunturu ya shigo a hura wuta tsakiya kowa ya miƙo ƙafa, da safe duk kana warin hayaƙi. Babban yayanmu shi ke bakin ƙofa da sanda kusa da kai, wanda ya je dandali ya daɗe sai ya tsallake shi, kuma wallahi ba ka tsallakewa bai ji ba. In fatake ko wani baƙo ya sauka, mu ake matsawa a ba shi wuri mai kyau, ba a tambayarmu.

Shigifa kuma da ka ji kakarka na faɗi, daga Larabci take, saƙifa, wuri mai rufi, irin wadda Sahabbai suka taru cikinta a Madina suka yi ma Sayyidina Abubakar mubaya'a. Kanawa su soro suke ce ma zaure, kar ka rikice in ka ji.

Yanzu da ake gini da siminti da get na ƙarfe zauren ma ya ɓace, samari sai shago a waje kowa da makullinshi, ni dai ban so haka ba don ba wanda ya san lokacin da yaro ya shigo. Ku nawa ne a naku dortuwar ɗin? In za ka zo hutu ka taho da abokin naka ya ga zauren gidan kakanka, yana nan bai faɗi ba.