Shawara Ga Mai Son Zuba Jarinsa a Shanun Madara

Wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano ya aiko da tambaya cewa ya tara kuɗi daga cinikin bana, yana da fili a bayan gari, kuma wani dillali ya yi masa tallan shanun Turai guda goma irin Firiziyan, ya ce kowacce tana ba da lita 25 a rana. Yana son ya san ko ya zuba duk kuɗin a kansu, da kuma lokacin da uwar kuɗinsa za ta dawo.

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka sayi goman nan, kuma kada ka gina lissafinka a kan litar da dillali ya ambata. Saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, saboda haka ribar wannan sana'a tana rataye ne a kan tazarar da ke tsakanin haihuwa da haihuwa.

Saniya tana ɗaukar ciki na kwana 280 da 'yan kai. Ana tatsar ta kamar wata goma, sannan a bar ta ta huta wata biyu kafin ta sake haihuwa. Idan ana so ta riƙa haihuwa duk wata 12 ko 13, dole ne ta sake ɗaukar ciki cikin wata uku zuwa huɗu bayan ta haihu. Mu ɗauka kana da shanu biyu, kowacce tana ba da lita 10 a rana na tsawon kwana 300, wato lita 3,000 a haihuwa guda. Ta farko tana haihuwa duk wata 13, ta biyu kuma duk wata 19. Bayan shekara uku da wata uku, ta farko ta ba ka lita 9,000 da 'yan maruƙa uku, ta biyu kuwa abin da za ta ba ka bai wuce lita 6,000 da wani abu ba, da maruƙa biyu, alhali dusa da harawa da ladan makiyayi duk ɗaya suka ci. Kai da ka san illar kayan da suka kwanta a sito ana biyan haya, ka san irin asarar da nake nufi.

Abin da ya fi jawo wannan jinkiri shi ne rashin lura. Saniyar da ba ta da ciki tana neman bijimi duk bayan kwana 21, kuma abin ba ya wuce yini guda, sau da yawa ma da dare ko da asuba yake zuwa, musamman lokacin zafi. Za ka ga tana yawan kuka, ta rage cin abinci, nononta ya ja baya, yauƙi mai haske yana zuba daga gabanta, kuma tana tsayawa cak idan wata ta hau ta. Idan ɗurin maniyyi za a yi mata, wadda aka gani da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma kuma a ɗura mata washegari da safe. Duk wanda ya kuskure wannan rana ya sayi abincin mako uku a banza. Ka kuma sani cewa saniyar da ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta ba ta saurin neman bijimi, domin jikinta yana fara biyan bashin tatsa kafin ya waiwayi ciki.

Game da iri kuwa, Firiziyan tsantsa saniyar ƙasar sanyi ce. Zafin watan Afrilu a Kano yana rage mata ci da nono da ɗaukar ciki, sannan kaska da kirci da sammore sun fi kayar da ita fiye da shanunmu. Bunaji tana da juriya, sai dai nononta a kiwon gargajiya ba ya wuce lita ɗaya zuwa biyu bayan maraƙi ya sha. Abin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne ruwa biyu, rabi Firiziyan rabi Bunaji, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta daɗe tana aiki a kansa. Ka sayi huɗu ko biyar, kuma kada ka biya sai ka tsaya an tatsa a gabanka safe da yamma kwana biyu a jere, likitan dabbobin da kai ka ɗauko ya duba ciki da hannunsa, ya kuma ɗebi jini a gwada bakkale. Ina matsa maka a kan bakkale ne domin yana sa ɓari a watannin ƙarshe na ciki, yana yaɗuwa cikin garke, kuma yana kama mutane ta hanyar ɗanyen nonon da ba a dafa ba, ciki har da iyalinka.

Sauran kuɗin ka raba su tsakanin ruwa, rumfa mai inuwa, da abincin rani. Nan kana da fifiko a kan wasu, tunda ka san lokacin da dusa da ɓawon wake da harawa suke araha, sai ka saya da kaka ka adana. Ka ware na rigakafin ciwon huhu da ɓoru (ciwon baki da kofato) da harbin daji, ka kuma tabbatar allurar ta zo cikin ƙanƙara, ko da daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ta fito.

Wajen tatsa, mai tatsa ya wanke hannunsa da hantsar saniya, ya fara tsiyaya nonon farko na kowane kan nono a cikin baƙin kofi. Idan ya ga gudaji ko tsarkiyar jini, ko ya ji hantsar ta yi zafi da tauri, to ciwon hantsa ya shiga, sai a tatse ta a ƙarshe a kira likita. Nonon saniyar da ake yi wa allura kada ya shiga kasuwa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, domin yana hana kindirmo kamawa, kuma mai saye da ya yi asarar ƙwarya guda ba zai dawo ba.

Uwar kuɗi kuwa, kada ka sa ran ganin ta a shekarar farko. Ka buɗe wa kowace saniya shafi a littafi, ka rubuta ranar haihuwarta, da ranar da aka ba ta bijimi, da litar kowace rana, da kuɗin magani. Wadda aka ba bijimi sau uku ba ta ɗauka ba, likita ya duba ta, idan babu gyara ka sayar wa mahauta ka maye gurbinta da karsana. Sai bayan haihuwa ta biyu littafin zai nuna maka ko lokacin ƙara shanu ya yi.