Tambayoyin Masu Karatu: Ƙaramar Hukuma Za Ta Iya Riƙe 'Yan Sandan Kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A unguwarmu kowane gida yana ba da kuɗin 'yan sintiri duk wata. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ashe bai fi arha ƙaramar hukuma ta kafa 'yan sandanta ba, maimakon dogaro da wasu? Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Dattawan Zazzau dai suna tuna 'yan doka na En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon, saboda haka tunaninka ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Amma ko an gyara dokar, lissafin yana da nauyi. Mako ɗaya awa 168 ne, ma'aikaci kuwa awa 40 yake yi, don haka tsaron wuri guda dare da rana yana buƙatar mutum biyar idan aka sa hutu da jinya. A kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wannan Naira 350,000 ke nan duk wata a bakin ƙofa ɗaya tak, kafin a zo ga kaki, mota, mai, horo, ɗakin tsare masu laifi da fansho. Fanshon nan shi ne ya fi damuna, domin bashi ne da shugaban yau yake ɗora wa wanda zai gaje shi bayan shekara talatin. Ƙaramin gari kuma dole ya gina ofishi ya ɗauki mai bincike kamar babban birni, alhali masu biyan harajinsa kaɗan ne.

Wannan ne ya sa garin Lakewood na jihar Kalifoniya a Amurka, da ya samu hukumarsa a 1954, ya ƙulla kwangila da gundumar Los Anjalas ta riƙa yi masa aikin tsaro, garuruwa da dama kuma suka bi sahu. Sun rage kashe kuɗi, sai dai gunduma ce ke yanke farashi, kuma ana iya ɗauke jami'in da ya san lungunan gari ba da shawarar mutanensa ba.

A nan gida, kamfanonin gadi masu lasisin Sibil Difens ba su da izinin riƙe bindiga, aikinsu gadi ne kawai. Shawarata ita ce ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su haɗa kuɗi wajen horar da 'yan sintirin da kuke biya, su yi musu rajista, su ɗauki nauyin alawus ɗinsu, su kuma tabbatar duk wanda suka kama an miƙa shi caji ofis nan take.