Yarona zai tafi karatu Landan, wani ya ce zai sayar mana da fam da araha

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, daga Tudun Wadan Zariya nake rubuto maka. Yarona na fari ya gama ABU, ya yi bautar ƙasa, yanzu Allah ya ba shi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Landan. Biza ta fito, a watan Satumba zai tashi. Wallahi tun da ta fito barcina ya ragu, don bai taɓa fita ƙasar nan ba, kuma ba mu da kowa a can. Mun biya rabin kuɗin makaranta, saura rabi, ga haya ga abinci. To an sa shi a wani zauren WhatsApp na ɗalibanmu da ke can, a ciki akwai wani bawan Allah, Bahaushe, ya ce in yaron ya sauka ya buɗe asusun banki, mu tura masa naira a nan gida, shi kuma zai sa a zuba wa yaron fam a can, a farashin da ya fi na banki sauƙi nesa ba kusa ba. Har ya ce zai iya biya mana ragowar kuɗin makaranta da rangwame. Mahaifinsa ya ce ai ɗan uwa ne, mu gode wa Allah. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Me ya kamata yaron ya fara yi a makonsa na farko, kuma me ka gani game da mutumin nan?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai shi lafiya, ya sa albarka a karatun. Gaskiya zuciyarki ta gaya miki, kuma zan zo kan mutumin nan da kyau. Bari in fara da makon farkon, don shi ne mai sauƙi, duk da shi ne ke hana iyaye barci.

Fasfo, takardar CAS (wadda jami'a ta ba shi ta tabbatar da gurbinsa), takardar gwajin tarin fuka da adireshin inda zai kwana, duk su zauna a jakar hannunsa. Kilishi da dambun nama da man shanun da na san kin fara tanada, a bar su a gida a ci, domin dokar Birtaniya ta hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya. Saƙon kowa kuma kada ya karɓa a filin jirgi, ko da ambulan ne. In a Heathrow ya sauka, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly zai kai shi tsakiyar gari cikin kusan awa guda, kuma ya fi tasi araha ƙwarai. Ya sayi katin Oyster, wato katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa, tun a filin jirgin, saboda motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

Washegari, ko kayansa bai gama kwancewa ba, ya nufi jami'a ya yi rajista. Bizarsa a jikin jami'ar take rataye, kuma in wa'adin rajista ya wuce bai bayyana ba, dole ne su sanar da ma'aikatar cikin gida. Daga rajistar nan komai ke fitowa: wasiƙar da zai kai banki, da katin Oyster na ɗalibai mai rangwamen kashi 30 cikin ɗari a kan tikitin mako ko na wata. Sai ya yi rajista da likitan unguwa tun yana lafiya lau, ai ya riga ya biya kuɗin kula da lafiya, fam 776 na kowace shekara, lokacin neman biza. Lambar 999 ta gaggawa ce, 111 ta neman shawara in ciwon bai kai can ba. Ɗakin da bai gani da idonsa ba kada ya biya masa ko kwabo, kuma kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa doka ba ta yarda ya wuce hayar mako biyar ba. Aiki awa 20 ne a mako lokacin da ake karatu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba.

Ke kuma, Hajiya, agogonku ɗaya da nasa har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daga nan Landan ta koma bayanmu da awa guda. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, shi ya sa nake ce wa yara su nemi jama'a tun da wuri. Akwai babban masallaci a Whitechapel, akwai na Regent's Park, akwai na Old Kent Road inda 'yan Najeriya suka fi yawa, doya da manja da gari kuma suna nan a Peckham. Yunwa ba za ta kashe shi ba.

To, sai mutuminku na WhatsApp.

Hajiya, babu shekarar da ba na zama da iyaye a nan Zariya a kan wannan magana, kuma jumla ɗaya ce kullum ke fitowa daga bakinsu: ai canji ne kawai, haka muke yi a gida. Na san haka muke yi a gida. Mutum ya je Wapa a Kano, ya ba da naira, a ba shi dala, a yi musabaha a rabu, amana ce ke riƙe da kasuwar shekara da shekaru. Amma ɗan canjin Wapa kuɗinsa ne yake ba ka, daga hannunsa zuwa naka. Ki sake karanta abin da mutumin nan ya ce: zai sa a zuba. Wa zai zuba? Daga asusun wa? Kuma tun da kowa ya san farashin fam, me zai sa mutum mai hankali ya sayar da nasa ƙasa da kasuwa, ya yi ta faɗuwa a kowane ciniki saboda yaron da bai taɓa gani ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda bai sayi fam da guminsa ba shi kaɗai ke iya karyar da shi haka.

Ga yadda abin yake tafiya. 'Yan damfara su yaudari wani a can, wata tsohuwa da aka kira a waya aka ce daga bankinta ne, ko wanda aka sayar wa kayan da babu su a intanet, ko wanda aka ja da soyayyar ƙarya. Kuɗin nan ba za su karɓa da sunansu ba, sai sun sami asusun da ba shi da tabo, kuma babu wanda ya kai na sabon ɗalibi tsafta. Sai a ba wanda aka yaudara lambar asusun yaronki, ya tura kai tsaye. Ku kuma a nan kun tura nairarku ta halal zuwa asusun da aka ba ku. Shi ke nan ɓarawo ya wanke kuɗinsa da naku, ya fita fes, sunan da ya rage a rubuce a banki kuwa na yaron ne.

Na ga wayar wani ɗalibi da abin ya faɗa wa. Fam ɗin da ya saya bai shigo a dunƙule ba, a gutsuttsure ya shigo, daga sunayen Turawa daban-daban, babu ko ɗaya da ya taɓa ji. Ya ga kuɗi sun cika, ya kira gida ya ce alhamdulillahi. Bayan 'yan kwanaki yana tsaye a kanti da burodi da madara a hannu, kati ya ƙi. Ya buɗe manhajar banki ya tarar an rufe asusun ana bincike. Suka tambaye shi: wace ce wannan matar, me ya haɗa ku, me ka sayar mata? Ba shi da amsar da ta wuce wani ɗan uwa ne a WhatsApp. Ya koma neman ɗan uwan, lamba ta daina shiga.

Kuma in banki ya rufe asusu, ba ya tsince na sata ya bar maka naka. Har kuɗin hayar da kika sayar da gwal ɗinki kika tura, duk a ciki suke maƙalewa sai an gama bincike. Bayan haka akwai wata cibiya da ake kira Cifas, inda bankunan Birtaniya ke ajiye sunayen waɗanda aka samu da hannu a irin wannan, kuma suna kan zauna a can har shekara shida. Wanda sunansa ya shiga, da wuya wani banki ya sake buɗe masa asusu. Ki tuna albashi ta banki ake biya, haya ta banki, komai ta banki. Yaron da ya je yin shekara ɗaya ko biyu, ina zai sa kansa? Dokarsu ta 2002 a kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai wanke kuɗin haram, kuma ba sai an tabbatar ya san na sata ne ba, in aka nuna ya yi zargi ya ci gaba, ya wadatar. Ba kowa ake kaiwa kotu ba, yawanci a rufe asusu abin ke tsayawa, amma wanda aka kai aka same shi da laifi, zamansa a ƙasar ma ya shiga garari. Kamar wanda ya sayi waya a gefen titi a PZ da rabin kuɗinta ne: ran da aka biyo sawu, wanda take hannunsa shi ake tafiya da shi.

Maganar rangwamen kuɗin makaranta ta fi wannan muni. Babu jami'ar da ke ba wani mutum a WhatsApp ikon rage wa ɗalibai kuɗi. Abin da suke yi shi ne su biya da katin banki na sata. Yaro ya duba shafin jami'a ya ga an rubuta an biya, ya ɗauki hoto ya turo miki, ku saki naira da farin ciki. Bayan makonni mai katin ya kai ƙara, banki ya janye kuɗinsa, bashi ya dawo kan yaro yadda yake, ga tambayoyin da zai amsa a ofis. Kun biya sau ɗaya a banza, kuma sai kun sake biya.

Ba ina cewa lalle mutumin nan ɓarawo ba ne. Da yawansu 'yan tsakiya ne, ana ba su ɗan kamasho su kawo sababbin ɗalibai, su kansu ba su san inda igiyar ta ƙare ba, suna ganin taimako suke yi. Wannan bai rage komai daga abin da zai sami yaronki ba. Banki ba ya tambaya ko da Hausa aka yi cinikin, ko a sahu ɗaya kuka yi Juma'a.

Na kuma san abin da ke tura mutane hannun irinsu. Tun da aka saki naira a 2023, fam ya yi ta hawa har ya haura naira 2,000 a 2024, lissafin da iyaye suka yi ya rushe. A 2024 ɗin ne jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biya a kan lokaci, har aka ce su bar ƙasar. Ga wahalar Form A, fom ɗin neman kuɗin waje ta banki, a ce kawo wannan takarda, ka kawo a ce saura waccan, wa'adi na matsowa kana zarya a banki. Abin na ci mini rai. Wanda ya fi ci mini rai kuwa ejan-ejan ɗin nan da suka cika gari, su karɓi dubban ɗaruruwa don cike fom, biza na fitowa su ce sai wata rana, babu mai zaunar da yaro minti goma ya gaya masa wannan. Wasu ma su ne ke tura shi zauren.

Hanyar da babu ciwon kai a cikinta ita ce wadda kowa ke gudu saboda tsada. Kuɗin makaranta a biya ta shafin jami'ar kanta, da hanyar da ta amince da ita, irin su Flywire ko Convera, ko ta Form A a bankinku, kuma a fara tun yanzu, kada a jira Satumba. In kun ga ba za ku cika a kan lokaci ba, yaron ya rubuta wa ofishin kuɗi na jami'a kafin wa'adi ya nemi a raba masa biya. Kuɗin ci da haya a tura ta banki ko ta kamfanin da ke cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin kuɗi a Birtaniya, rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet, kuma su fita daga asusun da ke da sunanki ko na mahaifinsa, a ajiye rasit. Ya tafi da ɗan abin da zai riƙe shi mako biyu a hannu kafin asusunsa ya buɗe. Wanda ya shiga da fam 10,000 ko fiye, sai ya bayyana wa kwastan.

Ki ja masa kunne a kan ɗaya fuskar abin kuma, domin za ta zo masa da zarar ya zauna. Wani zai ce nawa asusun ya samu matsala, ara mini naka a turo mini kuɗi, ka riƙe fam hamsin ka sha ruwa. Ya ce a'a, ko da wanda ya tarbe shi a filin jirgi ne, ko da zai ji kunya.

Ku kuma 'yan uwa da kuka riga kuka zauna a can kuke karanta wannan, ku ji tsoron Allah. Yaron da ya sauka jiya amana ce a hannunku. Iyayensa sun sayar da fili da gona, wasu sun ci bashi, kuma don sun ji Hausa a bakinku suka saki jiki. In ba ka san daga asusun wa fam ɗin nan ke fitowa ba, kada ka tallata shi a zaure, kada ka ce wa kowa na san shi.

Hajiya, ki nuna wa Alhaji wannan amsa cikin lalama, ba sai an yi jayayya ba. In yana so ya gwada mutumin, ya tambaye shi cikakken sunan kamfaninsa da lambarsa a rajistar FCA, ya kuma tambaya ko kuɗin daga asusu mai sunan kamfanin za su fito. Idan kuma ta riga ta faru wata rana kuɗi suka shigo wa yaron daga sunan da bai sani ba, kada ya taɓa su, kada ya tura su gaba, kada ya mayar ta wata lambar asusu da aka turo masa. Ya ɗauki hoton duk hirar da suka yi kafin a goge, ya kira bankinsa ta lambar da ke jikin katinsa ko cikin manhajarsa, sannan a ranar ya je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa ya faɗi abin da ya faru.