Shin ƙasashen waje na juya 'yan majalisa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne ƙasashen waje na iya juya akalar ɗan majalisar da muka zaɓa. Da gaske ne, kuma abin yana damuna.

Kamun ƙafa a karan kansa ba laifi ba ne. A Amurka ma sana'a ce: tun 1938 suke da dokar FARA, wadda ta tilasta wa duk mai yi wa wata ƙasa wannan aiki ya yi rajista, ya bayyana wanda ke biyansa da abin da ya karɓa. Duk da haka an samu Sanata Bob Menendez da laifi a 2024, ciki har da yi wa Masar aiki. An gano sandunan zinare da tsabar kuɗi a gidansa, kotu ta yanke masa shekara 11.

To mu a Najeriya fa? Sashe na 225 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyyu riƙe kuɗin da aka turo daga waje, sai su miƙa wa INEC cikin kwana 21. Amma wannan jam'iyya ce. Ɗan majalisa kuwa ba mu da rajistar da za ta nuna wa ya gana da shi, ko wa ya biya masa tikitin taron bita a ƙetare kafin a kawo wani ƙuduri. Ta nan ma ana iya shigowa, ba sai da jakar kuɗi ba.

Kaduna na da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 16. Idan naka ya zo mazaɓa, ka tambaye shi wa ya ɗauki nauyin tafiyarsa ta ƙarshe, kuma wane ɓangare ya goyi baya da ya dawo.