Wayar hita tana zafi, mai gyara ya ce ba komai

Tambaya: Injiniya, wayar da ke kai wuta ga hitar ruwa a gidana tana ɗaukar zafi, bireka kuma tana yawan faɗuwa. Na auna turjiyar wayar (wato yadda take tare wa wuta hanya) tana sanyi, na sake aunawa bayan ta yi aiki, sai na ga ta ƙaru. Mai gyara ya ce waya in ta ɗumama ta fi sakin wuta, ya ce a sa babbar bireka. Da yara a gidan, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, mitarka ba ta yi ƙarya ba. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na Salsiyas, domin zafi yana sa ƙwayoyin ƙarfen su ƙara karkarwa, su riƙa tare wa lantarki hanya. Daga digiri 20 zuwa 70, ƙarin ya kai kusan kashi 20. Alminiyom ma haka yake.

Maganar mai gyaran ce ta dame ni, don kullum sai na ji ta. A ƙarfe, zafi ba ya buɗe wa wuta hanya, toshe ta yake yi. Hita na jan kusan amfiya ɗin (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) da ta saba, turjiyar waya ta hau, zafin da wayar ke fitarwa ya ƙaru, shi kuma ya sake ɗaga turjiyar. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1085, amma robar PVC da ke lulluɓe da shi an yi ta ne don digiri 70. Robar ce za ta fara laushi, ta ƙone a cikin bango inda ido ba ya gani.

Bireka kuwa wayar take karewa. Wanda ya ƙara mata girma bai canza waya ba, ya kori mai gadi ne don ya gaji da ihunsa. Masu ɗaura zaren waya a madadin fis ma aikinsu ɗaya ne. Ina roƙon masu wannan sana'a su ji tsoron Allah: rayukan mutane ne a bayan bangon nan.

Ka daina kunna hitar daga yau. Ka samo ƙwararre ya duba kaurin wayar da amfiyar da hitar ke ja, ya ɗaure duk mahaɗar da ta yi sako-sako, don a nan zafi ya fi taruwa. Ya kuma kankare bakin wayar: idan ciki fari ne, alminiyom ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, sai a canza ta.